Darasi na Tara: Zuba Jari a Kamfanin Kayan Sadarwar Kwamfuta

A darussan baya mun yi bayanin adashi da ajiyar banki, mun kuma san cewa hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Yau za mu ɗauki fanni guda mu bi shi daki-daki, wato kamfanonin da ke ƙerawa ko sayarwa ko kafa na'urorin da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta. An zaɓi wannan fanni saboda yadda yake jan hankalin mutane. Mutum zai ga yaro da babba kowa na sayen data, ya ga ƙarafan sabis sun tsaya a kowace unguwa ta Jos tun daga Farin Gada har Bukuru, sai ya yanke hukunci cewa duk wanda ya sa kuɗinsa a nan ya gama tsira. Wannan tunani ya cinye dukiyar mutane masu yawa, cikinsu har da masu ilmi mai zurfi. Idan muka kammala darasin, ana so kowane ɗalibi ya iya raba tambaya biyu: shin hajar kamfanin tana da kyau, kuma shin farashin da ake neman in biya ya dace da ribarsa?

Kayan da muke magana a kansu

Idan kuka miƙa katinku ga mai POS a Taminus, saƙon yakan tashi daga 'yar na'urarsa zuwa eriyar da ke kan ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan ya shiga wayar gilashi da ake binnewa a ƙasa, wadda ake kira faiba, ya ratsa akwatuna da dama kafin ya isa kwamfutar banki, sannan amsa ta dawo ta wannan hanya cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwatin da ke zaɓar wa saƙo hanyar da zai bi shi ne rauta. Wanda ke haɗa kwamfutocin da ke cikin gini ɗaya, kamar na banki ko asibiti, shi ne suwic. Akwai kuma ƙananan eriyoyi farare da kuke gani a kan rufin otal da makarantu, masu jefa saƙo daga wannan gini zuwa wancan ba tare da waya ba. Waɗannan su ne hajar da darasinmu ya shafa.

Jos ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Jami'ar Jos tana cikin jami'o'in Najeriya da suka yi sammakon haɗa kwamfutocinsu, kuma ta daɗe tana horar da matasa a kan na'urorin kamfanin Cisco. A 1999 wani malami mai suna Cliff Missen ya zo daga Jami'ar Iowa ta Amurka ya koyar a nan. Tsada da jan ƙafar intanet da ya tarar su suka kai ga shirin eGranary, inda ake zuba ɗimbin littattafai da shafukan intanet a cikin ma'ajiya guda, a jona ta da kwamfutocin makaranta, ɗalibai su yi karatu ko da babu intanet. Daga nan tunanin ya yaɗu zuwa ƙasashe da yawa.

A 2001 aka sayar da lasisin wayar salula a Najeriya, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, aka fara kira a watan Agusta na shekarar. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka kowace cibiyar jarrabawa sai ta haɗa kwamfutoci fiye da 200 a zaure guda. Buƙatar kayan nan gaskiya ce, ba ta kuma raguwa. Wannan ba abin musu ba ne.

Su wa ke ƙera su, kuma wa ya mallake su

Kusan dukkan na'urorin daga waje ake shigo da su, da dala ake biya. Idan kuka duba jikin akwatunan da ke shagunan Titin Ahmadu Bello, ko wanda ke maƙale a bangon ofishinku, sunayen da za ku fi cin karo da su su ne Huawei da ZTE da TP-Link na ƙasar Sin, da MikroTik na ƙasar Latbiya, da Cisco da Ubiquiti na Amurka. A kan ƙarafan sabis kuma akwai kayan Ericsson na Suwidin da Nokia na Finlan.

A nan akwai abin da nake so kowa ya rubuta a littafinsa. Ba kowane kamfani ne ke sayar wa jama'a hannun jarinsa ba. Huawei, wanda Ren Zhengfei ya kafa a birnin Shenzhen a 1987, ba ya cikin kowace kasuwar hannun jari. Ma'aikatansa ne ke riƙe da shi. TP-Link da MikroTik ma ba a cinikin hannun jarinsu a kasuwa. Saboda haka duk wanda ya turo muku saƙo ta WhatsApp cewa ku sayi hannun jarin Huawei za a riƙa ba ku riba kullum, ɗan damfara ne, ba sai kun yi wani dogon bincike ba. Cisco da Ubiquiti da Nokia da Ericsson da ZTE kuwa ana cinikin nasu, amma a kasuwannin ƙasashen waje.

Labarin Cisco

Miji da mata ne suka kafa Cisco a 1984, Leonard Bosack da Sandy Lerner, dukansu ma'aikatan kwamfuta a Jami'ar Stanford ta jihar Kalifoniya. A watan Fabrairun 1990 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari. Shekaru goman da suka biyo baya su ne shekarun da intanet ta mamaye duniya, kuma kusan duk inda aka shimfiɗa ta sai an sayi rautar Cisco. Ciniki ya riƙa ninkawa, hannun jari ya riƙa tashi, waɗanda suka saya da wuri suka yi kuɗi na ban mamaki. Labarinsu ya jawo wasu, wasun suka jawo wasu. A watan Maris na 2000 hannun jari ɗaya ya kai kimanin dala 80, ƙimar kamfanin gaba ɗaya ta haura dala biliyan 500, ya zama kamfani mafi daraja a duniya.

To amma nawa kamfanin ke ci a lokacin? A shekarar kuɗi ta 2000 ya yi cinikin kusan dala biliyan 19, ribarsa kuma ta kai kimanin dala biliyan 2.7. Ku raba 500 da 2.7. Za ku ga mutane sun yarda su biya kusan ninki 200 na ribar shekara guda. Ma'ana, da ribar za ta tsaya yadda take, sai mutum ya jira kusan shekara 200 kafin kamfanin ya samar masa abin da ya biya. Masu saye sun san haka. Hujjarsu ita ce ribar za ta ci gaba da ninkawa shekara bayan shekara.

Ba ta ninka ba, kuma dalilin yana da muhimmanci. Da yawa daga masu sayen kayan Cisco sababbin kamfanonin intanet ne da na waya waɗanda ba su fara cin riba ba, da kuɗin masu zuba jari da bashi suke sayayya. Ga shi kuma lokacin da kaya suka yi ƙaranci, mai buƙatar akwati ɗaya yakan ba da oda a wuri biyu ko uku don ya samu da wuri, sai kamfani ya ɗauka buƙatar ta ninka, ya ƙara tara kaya. Da kuɗi ya ƙafe, waɗannan kamfanoni suka fara mutuwa, oda ta tsaya, kayansu da ba su tsufa ba suka cika kasuwar na-hannu da araha. Duk ɗan kasuwa a ajin nan ya san kwantai. A 2001 Cisco ya bayyana cewa kaya na sama da dala biliyan 2 sun yi masa kwantai, ya sallami ma'aikata 8,500. Zuwa Oktoban 2002 hannun jarin da aka saya dala 80 ya dawo ƙasa da dala 10.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Cisco bai mutu ba. Ya ci gaba da sayar da kaya, ya fara rabon riba ga masu hannun jari a 2011, kuma a shekarar kuɗi ta 2024 cinikinsa ya haura dala biliyan 53, ribarsa ta haura dala biliyan 10. Ciniki ya kusan ninkawa uku, riba ta kusan ninkawa huɗu. Duk da haka wanda ya saya a watan Maris na 2000 ya shafe fiye da shekara 20 farashin bai koma inda ya saya ba. Hasashensa game da intanet daidai ne, kamfanin da ya zaɓa ma nagari ne. Farashin da ya biya ne ya kayar da shi.

Wasu ma ba su samu ko wannan ba. Nortel na ƙasar Kanada, wanda a 2000 shi kaɗai ya haura sulusin ƙimar manyan kamfanonin kasuwar Toronto, ya durƙushe a Janairun 2009, masu hannun jarinsa suka tashi a tutar babu. Ku lura da wannan ƙa'ida: idan kamfani ya karye, masu bin sa bashi ake fara biya, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, kuma galibi kafin a zo kansa tukunya ta ƙare.

Mu a Filato bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba. Tun kafin zuwan Turawa mutanen garin Liruwe suna narka kuza suna kai wa kasuwanni. Da labarin kuzar wannan tsauni ya isa Landan, tsakanin 1909 da 1912 aka yi ta kafa kamfanoni barkatai da sunan kuzar Najeriya, mutanen da ba su taɓa ganin Naraguta ko Bukuru ba suka yi rububin sayen hannun jarinsu. Jita-jitar an gano sabon wuri mai albarka kaɗai takan ɗaga farashi. A 1912 kasuwar ta faɗo, da yawa suka yi asara. Alhali kuzar tana nan a ƙasa; an shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya ta iso nan a 1914 dominta, aka kuma shafe shekaru gommai ana haƙa, kududdufan Rayfield da Barikin Ladi shaida ne. Har gobe da kuza ake yin dalmar da ke liƙe sassan kowace rauta. Ma'adinin na gaske ne, amma hakan bai ceci wanda ya sayi takarda a farashin hauka ba.

Lissafin farko: shekara nawa nake saye?

Kowane kamfani da ke kasuwa dole ne ya buga rahoton kuɗinsa, kuma a ciki akwai layin da ke nuna ribar da ta faɗa wa kowane hannun jari ɗaya a shekara. Ku raba farashin hannun jari da wannan riba.

A ɗauka akwai kamfani biyu. Na farko hannun jarinsa naira 50 ne, ribar kowane hannu naira 5 a shekara. Idan aka raba 50 da 5 an samu 10. Na biyu hannun jarinsa naira 10 ne kacal, amma ribar kowane hannu kwabo 20. Naira 10 kwabo 1,000 ke nan, a raba da 20 a samu 50. Mutane da yawa za su ce na naira 10 ya fi araha. A gaskiya shi ne mai tsada, domin a nan ribar shekara 50 kuke biya, a can kuma ta shekara 10.

Wannan lissafi ba ya faɗar komai da komai. Kamfanin da ke girma da sauri ya cancanci a biya shi fiye da wanda ya tsaya cak. Amma idan adadin ya yi yawa, sai ku tambayi kanku: me zai faru idan girman da ake tsammani bai zo ba? Sannan ku duba abu uku a rahoton: bashin da ake bin kamfanin da irin kuɗin da aka ci bashin da shi, naira ko dala, yawan kayan da ke jibge a sito, da ko cinikinsa ya rataya a kan manyan masu saye ƙalilan. Kayan wannan fanni suna tsufa da wuri. Akwatin da ake rububinsa bana, bayan shekara biyar wani sabo ya maye gurbinsa, shi ya sa kwantai a nan ya fi na atamfa ciwo.

Ta ina mazaunin Jos zai shiga?

Hanya ta farko ita ce sayen hannun jarin kamfanonin waje ta manhajar waya. Akwai kamfanonin Najeriya da ke ba da wannan dama, har mutum ya sayi ɗan gutsuren hannun jari da 'yan daloli kaɗan. Kafin ku tura ko kwabo, ku duba sunan kamfanin a jerin waɗanda hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta yi wa rajista. Jerin yana shafinta na intanet, kyauta ne. Ku kuma sani cewa Amurka na cire kashi 30 cikin 100 daga rabon ribar da za a biya ɗan Najeriya, ga kuɗin dillanci da na canji a shiga da fita. Canjin kuɗi kuwa takobi ne mai kaifi biyu. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Wanda ya riƙe kadara ta dala ya ga nairarsa ta ƙaru. Wanda kuma ya sayi dala tana kan ganiyarta, idan naira ta farfaɗo, zai yi asara ko da hannun jarin bai motsa ba.

Hanya ta biyu ita ce kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, da ke Legas. Babu mai ƙera rauta a cikinta, amma akwai masu saye da masu kafa kayan. MTN Nigeria da Airtel Africa sun shiga a 2019. Akwai CWG, wanda ke kafa wa bankuna da manyan ma'aikatu na'urori, ya shiga a 2013, da Legend Internet mai shimfiɗa faiba zuwa gidaje a Abuja, ya shiga a 2025. Ambaton waɗannan sunaye ba talla ba ne, misali ne kawai. Ana buɗe asusu ta hannun dillali mai lasisi, da lambar BVN da katin shaida da hoto, a ba ku lambar asusun CSCS inda ake ajiye hannun jarinku da sunanku. Ku cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa shiga asusunku na banki kai tsaye, kuma ku sanar da iyali abin da kuka mallaka, domin biliyoyin naira na rabon riba suna kwance babu mai karɓa, da yawa na mamata ne da magada ba su san da su ba. Ana cire harajin kashi 10 cikin 100 kafin a biya ku.

Misalin MTN ya isa a tsaya a kansa. A Disambar 2021 an sayar wa jama'a hannun jarinsa a kan naira 169, mafi ƙaranci guda 20. Masu amfani da layin ba su ragu ba, data ma sai ƙara sayenta ake yi. Amma kamfanin yana da bashi da kuɗin hayar ƙarafan sabis da ke rataye da dala. Da naira ta faɗi, ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024, rabon riba ya tsaya. Bayan hukumar NCC mai kula da sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 riba ta dawo da ƙarfi. Wanda ya sa kuɗin da yake buƙata nan kusa ya sayar cikin faɗuwa. Wanda ya sa kuɗin da zai iya mantawa da su ya iya jira. Manya a cikinku za su tuna faɗuwar da ta fara a 2008, lokacin da kasuwar ta rasa kusan kashi biyu bisa uku na darajarta cikin shekara guda, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari.

Ga wanda ke kiyaye hukuncin addini game da kuɗin ruwa, kasuwar tana da jerin kamfanonin da aka tantance bisa tsarin Musulunci, wanda ake kira NGX Lotus Islamic Index. Batun zakkar hannun jari kuwa a kai shi gaban malamai.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi zuwa ƙofar gidajenmu. Ɗan ƙaninku ya gama makaranta, ya iya haɗa netwok, ya zo ya ce: "Baba, ka sa mini jari in sayi kaya, in riƙa kafa wa makarantu da otal, ko in raba wa 'yan unguwa intanet, mu raba riba." Ko ɗiyar maƙwabciya ta ce: "Inna, ki shigo mu haɗa hannu." Wannan shi ma zuba jari ne a kamfanin kayan sadarwa, kuma a ganina ya fi sauran biyun kusa da abin da yawancinmu za mu iya sa wa ido, tun da za ku iya taka ƙafa ku ga kayan, ku ga masu saye, ku ga littafin shiga da fita. Sai dai zumunci yakan sa a ji kunyar lissafi, kuma rashin lissafin ne ke ɓata zumuncin daga baya.

Lissafi na biyu: kuɗin tsufan kaya

A ɗauka kun sa naira 2,400,000 aka sayi rauta da eriyoyi da waya da batir da faifan sola. A ɗauka kayan za su yi shekara 4 kafin su buƙaci canji. Ke nan kowace shekara kaya na naira 600,000 ne ke ƙarewa, wato naira 50,000 kowane wata. Idan ana samun naira 300,000 a wata, ana kashe 220,000 a sarin data da haya da albashi, yaron zai zo da murna ya ce an ci ribar 80,000. Ba haka ba ne. Sai an ware 50,000 ɗin nan an ajiye, abin da ya rage, 30,000, shi ne riba. Idan rabi ne naku, 15,000 ke nan a wata, 180,000 a shekara, wato kashi 7.5 cikin 100 na jarinku. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Da irin wannan lissafi ko dai a ƙara masu saye, ko a rage kashe kuɗi, ko a haƙura. Idan kuwa aka riƙa raba 80,000 ana ci, uwar kuɗin ake ci ba a sani ba, ranar da batir ya mutu a rasa na sayen wani. Kar ku manta sabon kayan da farashin dalar wannan rana za a saye shi.

Garinmu yana da nasa sharuɗɗan. Tuddai suna taimaka wa eriya ta hango nesa, amma tsawar damina a Filato tana ƙona na'urori, don haka kuɗin kariyar tsawa da binne wayar ƙasa ba abin da za a yi wa rowa ba ne. Rashin tsayayyar wuta ya sa batir da sola kan cinye babban kaso na jari. Ana satar waya da batir, masu aikin hanya suna tsinke faiba. Gasa ma tana sauya fuska: tun Janairun 2023 Starlink mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam ya fara aiki a Najeriya, otal ɗin da da sai ya nemi mai eriya yanzu yana iya ɗora faranti a rufinsa. Wannan ya rage wa wasu ciniki, ya kuma buɗe wa masu kafawa da rarrabawa a cikin gini sabon aiki.

Sai batun doka. A yi wa kasuwancin rajista da hukumar CAC, sunanku ya fito a takarda a matsayin mai kaso, ba a baki kawai ba. Sayar wa jama'a intanet yana buƙatar lasisin NCC. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa kowa ya sa, kashi nawa ne na kowa a riba, wa ke ɗaukar asara, wa ke sa hannu a banki, kuma yaya za a yi idan ɗaya ya so fita ko ya rasu. Asusun kasuwanci ya zama daban da na aljihu.

Ku kuma san bambancin haruffan da ke bin sunan kamfani. Wanda sunansa ya ƙare da Ltd ba shi da izinin tallata hannun jarinsa ga jama'a. Sai mai Plc, shi ma sai SEC ta amince da tayin. Da an san wannan, da mutane da yawa sun tsira daga tsarin damfara na MMM da ya rufe a Disambar 2016, da CBEX da ya tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu irin wannan harka. Amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da kuɗin makarantar yara. Alamominsu ba sa canzawa: riba tabbatacciya kowace rana ko kowane mako, lada idan kun kawo wasu, da matsin lamba cewa gobe za a rufe. Yanzu sukan fake da sunan fasaha, su ce ku sayi rauta ko wata na'ura a cikin manhaja tana yi muku aiki kuna barci. Cinikin biri a sama ne.

Shawarata ga ajin nan ita ce kada a taɓa jarin sana'a, ko kuɗin haya, ko na makaranta, ko bashi, don sayen hannun jari kowane iri. Abin da ya ragu bayan waɗannan, a raba shi, kada a zuba duka a kamfani ɗaya ko fanni ɗaya. Ga mai ɗa ko 'ya da ke da sha'awar wannan aiki kuma, kuɗin koyon haɗa netwok da gyaransa jari ne da ya cancanci a auna shi tare da sauran, domin ko Huawei ne ya ci kasuwa ko Cisco, sai an nemi wanda zai hau tsani ya ɗaura, ya kuma dawo ya gyara.

Aikin aji

1. Hannun jarin wani kamfani naira 120 ne, ribar kowane hannu naira 8 a shekara. Na wani kuma naira 6 ne, ribarsa kwabo 15. Ku lissafa ribar shekara nawa ake biya a kowanne, ku faɗi wanda ya fi tsada.

2. Da bakinku, ku bayyana wa na kusa da ku dalilin da ya sa wanda ya sayi Cisco a Maris na 2000 ya yi asara alhali kamfanin ya ci gaba da girma.

3. An sayi kayan naira 1,800,000 da za su yi shekara 3. Nawa za a riƙa warewa kowane wata kafin a fara maganar riba?

4. Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama matashi mai neman jari, ɗaya mai kuɗi, ɗaya shaida. Ku rubuta yarjejeniya da ba ta wuce shafi ɗaya ba, ku karanta wa aji.

5. Aikin gida: ku duba akwatin intanet a wurin aikinku ko a wani shago da kuka saba da shi, ku rubuto sunan kamfanin da ya ƙera shi. A zama na gaba za mu tantance waɗanda ake cinikin hannun jarinsu da waɗanda ba a yi.